Kwana Ɗaya a Addis Ababa Tare da Hajiya

Aminina,

Ya jikin Hajiya, mahaifiyarka? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya sa a yi mata aikin gwiwar nan a sa'a.

Na ga hoton tikitin da ka turo, na kuma saurari saƙonka na murya har ƙarshe. Ka ce in kira ka, to amma maganar waya ba ta zama a ka. Gara in rubuta, ka karanta a natse, ka kuma miƙa wa ƙanwarka tunda ita ce za ta haɗa wa Hajiya kaya.

Yadda na karanta tikitin, za ku tashi daga Kano da rana, ku sauka Addis Ababa bayan isha'i, jirgin Delhi kuma sai washegari wajen la'asar. Kusan awa 19 ke nan a tsakani, kuma shi ne ya hana ka barci, har kana cewa da ka sani da ka ƙara kuɗi kun bi wani kamfanin mai gajeren jira. Wallahi da ni ka fara tuntuɓa, wannan ɗin da ke hannunka zan ce ka saya. Ka dubi wadda za ka tafi da ita. Dattijuwa ce mai ciwon gwiwa da hawan jini, wadda ko zaman mota daga Kano zuwa Zariya sai ta kwana tana jin sa a ƙafa. Daga Kano zuwa Addis awa 4 ne da ɗoriya, daga can zuwa Delhi fiye da awa 6. A ce ta sauko daga wannan, a ja ta da gaggawa a cusa ta cikin wancan, ba ta miƙe ƙafa ba, ba ta yi salla a natse ba, ai an shiga haƙƙinta. Tun a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa zama wuri ɗaya na awa 4 ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Saboda haka kwanan nan na Addis hutu ne aka ba Hajiya a tsakiyar hanya. Naka shi ne ka tsara shi yadda za ta huta da gaske.

Tsarin kuwa tun daga Kano yake farawa. Cikin makon nan ka je ofishin kamfanin da kanka, kada ka bar wa ejan, ka fara da batun otal. Ethiopian Airlines suna da ƙa'ida: fasinjan da jiransa a Addis ya kai awa 8 bai kuma wuce 24 ba, in dai jiragen biyu nasu ne kuma babu wani jirgin da zai iya hawa kafin wannan, su ke ba shi masauki da abinci da motar kai da kawowa, su kuma shirya masa izinin fita daga filin jirgin. Ka sa su duba ko tikitinku ya shiga wannan ƙa'ida, ka tambaya a ina za a ba ku takardar otal ɗin, a Kano wajen awon kaya ko sai can. Wani lokaci a kai mutum otal ɗinsu na Skylight da suka buɗe a 2019 dab da filin, wani lokaci wani daban a unguwar Bole. Kowanne aka ba ku, akwai gado da banɗaki da ruwan zafi, su ne kuma bukata.

Kafin ka tashi daga gaban teburin, ka sa a rubuta a tikitin Hajiya cewa tana bukatar keken tura marasa lafiya a kowace sauka da kowane tashi, zuwa da dawowa. Ana son a yi wannan aƙalla kwana 2 kafin tafiya. Na san Hajiya, za ta ce ita ba gurguwa ba ce, da ƙafarta ta yi ɗawafi. Ka lallaɓa ta, ka ce don a adana gwiwar ne har a kai ta gaban likita. Mai tura keken nan ma'aikacin filin ne, ya san kowane lungu, shi zai bi da ku ta lif, ya wuce da ku gaban layi wajen bincike da wajen jami'an shige da fice, kai kuma kana biye da jaka. Ka faɗa musu ƙarara cewa matakala tana yi mata wuya, domin a Addis sau da yawa jirgi ba ya matsowa jikin gini, can fili yake tsayawa a sauko a shiga bas. In an rubuta da wuri, akwai motar da ke ɗaga marasa lafiya har bakin ƙofar jirgi. Ko da ta ce za ta ɗan taka, kada ka bari ta hau matakalar nan mai tafiya da kanta. Bakin zani ko dogon hijabi yana iya maƙalewa a ciki, ga kuma jiri ga wanda bai saba ba.

Wajen awon kaya, ka dubi takardar da suka liƙa wa manyan akwatuna ka ga an rubuta DEL. In haka ne, ba za ku sake ganinsu ba sai Delhi, don haka duk abin da daren Addis zai bukata dole ya kasance a jakar hannu. Magungunan Hajiya gaba ɗaya su shiga nan, cikin kwalayensu na asali, tare da takardar likita, da hotunan gwiwa, da wasiƙar asibitin Indiya. Haka katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, naka da nata. Indiya ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya, wanda ba shi da shi ana iya killace shi har kwana 6. Allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin katin ya fara aiki, amma tun 2016 wanda aka yi wa sau ɗaya ya wadatar har abada, saboda haka in na aikin Hajjinta yana nan a nemo shi a duba. Sai kayan canji, da darduma mara nauyi, da caja da adafta, don soket ɗinsu mai huda biyu zagayayyu ne, kan cajarmu mai ƙafa uku ba ya shiga. Ka jefa gorar roba wadda babu komai a ciki, ita ce butarku, ba kowane banɗaki za ku samu abin tsarki ba. Duk abu mai ruwa-ruwa da ya wuce mililita 100 kuwa, zuma ce, man shanu ne, kwalbar turare ce, a sa shi a babban akwati, in ba haka ba a gabanku za a jefa shi kwandon shara.

Kada ƙanwarka ta manta da rigar sanyi da safa da mayafi mai kauri. Addis Ababa a kan tudu take, sama da mita 2,300 daga doron teku. Jos da muke kuka da sanyinta mita 1,200 ce da 'yan kai, Kano ko 500 ba ta cika ba. Da dare sanyi kan sauko wajen digiri 10, daga Yuni zuwa Satumba kuma ga ruwan sama kusan kullum. Tudun yana sa numfashi ya yi nauyi, sai ka ga lafiyayyen mutum ya ɗan taka yana haki. In ka ga haka ga Hajiya ku rage sauri, ta zauna, ta sha ruwa. Amma ka gaya wa likitanta tun yanzu cewa za ku kwana a gari mai wannan tsayi, saboda hawan jinin, ka ji abin da zai ce.

Batun agogo ina so ka riƙe shi da hannu biyu. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da ake maganarsa ne. Addis tana gaban Kano da awa 2, Delhi tana gaban Addis da awa 2 da rabi. Da jirgi ya taɓa ƙasa, kafin ka kira kowa, ka gyara agogon hannunka, ka duba ko waya ta gyara kanta, don in ba ta kama layi ba tana iya zama a lokacin gida. Sannan Habashawa suna da nasu lissafin awa, wanda ke farawa daga fitowar rana. Ƙarfe 7 na safe a wurinsu ƙarfe 1 ne, tsakar rana ƙarfe 6, ƙarfe 1 na rana kuma ƙarfe 7. Ma'aikatan filin jirgi da irin lissafinmu suke aiki, amma mai kawo shayi a otal ko direban tasi yana iya faɗa maka nasu da zuciya ɗaya. In ya ce motar komawa ƙarfe 7 za ta tashi, ka tada Hajiya da sassafe alhali 1 na rana yake nufi, barci kawai aka yi asara. Amma a dawowa, in jirgin safe ne, ya ce maka ƙarfe 1 ka ɗauka na rana alhali 7 na safe ne, sai dai ku ji labarin jirgi. Ka sa a rubuta maka lokacin a wajen karɓar baƙi, ka nuna agogon hannunka ka tambaya ko da wannan lissafin ne. Matambayi ba ya ɓata. In kuma ka ga rasit ɗauke da shekarar da ta wuce da 7 ko 8, ba kuskure ba ne, kalandarsu ce daban, mai wata 13, sabuwar shekararsu a Satumba take kamawa. Agogon Hajiya kuwa ka bar shi a lokacin Kano, da shi za ka riƙa ba ta magani har likitan Delhi ya tsara mata sabon lokaci.

Tunda gabas kuka nufa, rana za ta yi saurin faɗuwa, magariba a sama za ta same ku. Ku matafiya ne, ba ku kuma yi niyyar zaman kwana 4 a Addis ba, don haka kasaru za ku yi. Batun haɗa magariba da isha'i bayan kun sauka, da haɗa azahar da la'asar washegari kafin shiga jirgi, ka ɗauko limamin unguwarku ya warware shi a gaban Hajiya, hankalinta ya fi kwanciya in daga bakin malam ta ji. Abin da zan ƙara maka shi ne alƙibla. Mu tun muna yara gabas muke duba, har jiki ya saba. A Addis ba haka ba ne. Makka tana arewa da garin, kusan saiti ɗaya, saboda haka arewa za ku fuskanta, a Delhi kuma yamma. Ka faɗa wa Hajiya tun a gida, domin in ta ga ka shimfiɗa darduma ka ba mafitar rana kafaɗa, ba za ta yarda da kai nan take ba. Ka sauke manhajar alƙibla a waya, in ka yi shakka ka tambayi ma'aikatan otal. Musulmi sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar, da wuya a rasa mai nuna maka. A cikin filin jirgin ma akwai ɗakin salla.

Abinci ba zai zama matsala ba, otal ba ya rasa shinkafa da burodi da ƙwai da taliya. Amma ku ɗanɗana injera, abincinsu na yau da kullum. Kamar sinasir take, sai dai ta fi faɗi nesa ba kusa ba, ga ɗan tsami, da garin wani hatsi mai suna tef ake yin ta. A kanta ake zuba miya kala-kala, a yago da hannu a dangwala. Ka nemi shiro, miyar garin wake ce mai laushi, Hajiya za ta iya ci in ba a cika mata yaji ba. In zuciyarku ba ta kwanta da yanka ba, hanya a buɗe take: yawancin Kiristocin ƙasar suna azumin barin nama da madara da ƙwai duk Laraba da Juma'a, don haka kowane gidan abinci ya iya girkin wake da ganye zalla. Abin da ba za ku kusanta ba shi ne kitfo, niƙaƙƙen nama ne da ake ci ɗanye ko rabin dahuwa, mai zuwa tiyata ba ta da bukatar ɓacin ciki. Ruwa kuma na gora kawai.

Da safe bayan kun karya, in akwai mai dafa buna, wato kofi, a harabar otal, ku zauna a gabanta. Za ka ga mace a kan 'yar kujera, ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, tana soya 'ya'yan kofi a kasko a kan gawayi har su yi baƙi suna ƙyalli. Sai ta zagayo da kaskon kowa ya shaƙi ƙamshin, ta daka, ta zuba a wani ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya da suke kira jebena. Ga lubban yana hayaƙi a gefe, ga gugguru a faranti. Daga sama take tsiyayowa cikin ƙananan kofuna marasa mariƙi, kuma sau uku ake zagayawa. Kai ka sha, Hajiya a kawo mata shayi mara ƙarfi saboda jininta.

Ka tambaye ni ko za ka iya shiga gari. Akwai abin gani, ba shakka. A nan aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ran 25 ga Mayu 1963, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani suna cikin waɗanda suka sa hannu, hedikwatar Tarayyar Afirka kuma har yau a nan take. Akwai babban masallacin Anwar a cikin Merkato, kasuwar da ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka, na kuma san ɗan kasuwa irinka ƙafarsa za ta yi ƙaiƙayi. Shawarata ka haƙura a wannan karon. Ba za ka bar dattijuwa ita kaɗai a ɗaki a garin da ba ta jin yarensu ba, ba kuma za ka shiga cunkoson Merkato da ita ba. In ta tashi da ƙarfi kuma ita ta nuna sha'awa, otal su samo muku mota a zaga da ku kuna zaune, ku dawo kafin 11. In ba haka ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai ma abin da ya fi zaga gari, shi ya sa tun farko na ce jiran nan alheri ne. Yaushe rabonka da ka zauna da Hajiya ku biyu, babu jika a cinyarta, babu 'yan dubiya, babu yaron shago yana kiranka? Kullum gaisuwar safe ce a gurguje, da ta dare kana fama da gajiya. Ga shi Allah Ya ba ka safiya guda cur, daga asuba har azahar, babu inda za ka, babu mai nemanka. Ka kife wayar. Ka sa mata filo a ƙarƙashin ƙafafu, ka fara da gaya mata ƙasar da take: Habasha ce, ƙasar Najjashi, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tura sahabbansa a shekara ta 5 da aiko shi, lokacin da azabar Ƙuraishawa ta yi tsanani, ciki har da 'yarsa Ruƙayya da mijinta Usman ɗan Affan. A gaban wannan sarki Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta ayoyin Suratu Maryam, sarkin kuma ya ƙi miƙa su ga waɗanda suka biyo sahunsu. Inda abin ya faru can arewa ne, nesa da Addis, amma ƙasar ɗaya ce, na kuma san yadda fuskar Hajiya za ta sake in ta ji inda ta kwana.

Daga nan hira za ta ja kanta. Ka tambaye ta sunayen kakanninku da garuruwan da suka fito, ka rubuta. Ka tambaye ta Hajjinta na farko, wa ya raka su filin jirgi, me suka ɗauka na guzuri, da wa suka kwana a Mina. Ita ta taso ta tarar da Kano ce zangon wasu: filinmu ya fara aiki tun 1936, daga 1947 zuwa 2012 jiragen KLM sun yi ta sauka a cikinsa, a da kuma jiragen Turai masu ƙetare Sahara zuwa kudancin Afirka a nan suke tsayawa su sha mai. Ba za ta rasa abin da ta gani ko ta ji daga manya ba. In ta yarda ka ɗauki muryarta, wannan ne kaɗai aikin da wayar za ta yi a safiyar.

Sannan ka kasa kunne da kyau, domin tana tsoron wannan aiki. Ba za ta faɗa a gaban surukai da jikoki ba, kawaici ba zai bar ta ba, amma a ɗakin da babu kowa sai ɗanta tana iya buɗe baki. In ta fara, kada ka tare ta da "ba komai Hajiya". Ka bar ta ta kai aya, ko da wasiyya ta shiga yi maka, ka saurara. Bayan nan ka bayyana mata abin da likita ya ce za a yi, dalla-dalla, da lokacin da ake sa ran za ta fara takawa, ku yi addu'a tare. In kun gama ka riƙe hannunta ku ɗan taka a barandar otal, ta dawo ta runtsa kafin azahar. Ni da tawa mahaifiyar ta riga mu gidan gaskiya, ina gaya maka kada ka bari safiyar nan ta tafi a kallon waya.

Ku kasance a filin jirgi awa 3 kafin tashi, don za a sake bincike daga farko. A takardar shiga jirgi lokacin fara shiga za ka duba, ana rufe ƙofa tun kafin lokacin tashi ya cika. Lambar ƙofa tana canzawa, ka riƙa leƙa allo, kuma lambar jirginku za ka nema, ba sunan gari kaɗai ba. Banɗaki da alwala a gama su a ƙasa, na cikin jirgi matsattse ne ga mai ciwon gwiwa.

A zauren jira za ka ji Hausa ta ko'ina: 'yan kasuwar Kwari masu zuwa Sin da Dubai, masu Umara, ɗalibai, mutanen Nijar da Chadi da Kamaru. Ku gaisa, ku yi hira, a nan ake samun labarin masauki mai sauƙi da inda ake sayar da abincin halal a Delhi daga bakin wanda ya je ya dawo. Amma kaya, a'a. Ko ƙullin yaji ne, ko 'yar leda ce wai a kai wa ɗan'uwa a asibiti, ko "riƙe mini in zaga", kada ka karɓa, kada kuma ka bari a auna jakar wani da sunanku. Duk abin da aka samu a ciki na wanda aka gani da shi ne, hukuncin ƙwaya kuwa a ƙasashen nan ba wasa ba ne. Hajiya za ka fi ja wa kunne, don kunya da tausayi ba za su bar ta ta ce a'a ba in wata ta durƙusa ta kira ta Mama. Ku shirya tun a gida cewa duk mai roƙo ta ce a tambayi ɗanta.

In kuma aka ce tikitinku bai shiga ƙa'idar otal ba, kada ka yarda Hajiya ta kwana a kujera don tsimin kuɗi. Akwai otal na biya a cikin ginin filin kansa, ba sai an fita ba, akwai kuma zaurukan hutawa da ake biya a shiga. Ka ware dala kaɗan don wannan, ƙananan takardu sababbi, kada ka dogara da katin banki kaɗai. In jirgin Kano ya yi latti ko aka ɗaga na Delhi, tunda tikiti ɗaya ne, nauyin sake muku jirgi a wuyan kamfanin yake. Teburinsu za ka nufa da takardunku, cikin ladabi da naci.

Dawowa ta fi tafiya bukatar shiri, don da sabon ɗinki za ta dawo. Kafin a sallame ku ka karɓi takardar likita da ke cewa ta isa hawa jirgi, ka tambaye shi batun safar matse ƙafa da maganin hana daskarewar jini, ka nemi kujerar bakin hanya. In rana ta canza har ta kai ga sayen wani tikitin, ka tsaya ga Addis ko Doha ko Alƙahira, duk suna da jirgi zuwa Kano. Kada arha ta ja ka ta Turai: mai fasfon Najeriya yana bukatar biza ta musamman ko da zama kawai zai yi a filin jirgin Faransa ko Jamus, sai fa in yana riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa, irin ta Amurka.

Ranar tafiya in sha Allahu da motata zan zo in kai ku, ka gaya wa ƙaninka kada ya wahalar da kansa neman wata. Rigar sanyina mai kauri tana nan in ba ka da ita, a turo yaro ya karɓa. Da kun shiga otal ka kama intanet ɗinsu ka turo saƙo ko layi ɗaya ne, don gidanmu ma ba za a kwanta ba sai an ji. Maman yara tana gaida Hajiya, ta ce za ta shigo ranar Alhamis da dambun naman da ta yi mata alkawari. A cinye shi a hanya kafin Delhi. Ka gaida mutan gida duka, ka ce wa Hajiya ta sa mu a addu'a.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya ba da sa'ar aiki, Ya dawo mana da ku lafiya.

Naka,
Amininka